Facin da Na'Allah Ya Yi wa Na'urar Barcinsa

Akwai wani manomin albasa a Danchadi, ƙasar Boɗinga, ana ce masa Na'Allah. Duk fadamar nan babu wanda ya kai shi iya gyaran injin ban ruwa. In tiyo ya yi yoyo, ya yanki robar tayar babur, ya shafa sholisho, ya manna, magana ta ƙare. Yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kai albasa kasuwa, ya ɗauko mutane a dawowa.

Allah ya ba shi hannu, amma ya hana shi kunne.

Matarsa Hajjo, shekara talatin da huɗu suna tare, ita ta fara gane akwai matsala. Minsharinsa ba irin na kowa ba ne. Sai ya yi ta ja kamar ana jan turmi a ƙasa, can sai ya yi tsit, ƙirji ya tsaya, sai ta ƙirga har ashirin kafin ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da rana kuwa gyangyaɗi ne, a masallaci, a gona, har da loma a hannu.

Sai da ta shekara tana magana kafin babban ɗansu ya zo daga Sakkwato ya tafi da shi asibiti. Aka kwantar da shi kwana ɗaya aka auna barcinsa. Likitar, wata mace mai suna Sumayya, ta ce maƙogwaronsa ne ke rufewa in ya yi barci, shi ya sa numfashin ke ɗaukewa. Aka samo masa wata na'ura mai tura iska, da tiyo, da takunkumin da zai riƙa ɗaurawa a fuska in zai kwanta. Ɗan ya haɗa musu da batirin sola.

Ranar da aka ba shi, likita tana bayani, shi yana juya na'urar yana leƙa gindinta.

Ya ce, "Wagga ai ƙanwar injin ban ruwa ta. Wancan ruwa shika turawa, wagga iska."

Likita ta ce, "Baba, ka saurare ni. Bayan wata ɗaya ka dawo da ita in duba. In komai lafiya, sai bayan wata uku. Daga nan ko sau ɗaya a shekara ya isa. Amma in barcin rana ya dawo, ko kana tashi da ciwon kai, ko takunkumin ya dame ka, kada ka jira ranar da na sa maka. Kuma kada a taɓa komai a jikinta."

Ya ce, "To, to," irin "to" ɗin da ake yi wa yaro.

Hajjo ba ta san abin da aka rubuta a katin da likitar ta ba su ba, don ba ta taɓa zama a aji ba. Sai ta yi tambayar da ta dace.

"Likita, wata guda Juma'a nawa na?"

"Huɗu, Inna."

Da suka koma gida ta sa ƙwallon dabino huɗu a gwangwani. Duk Juma'a ta cire ɗaya.

Gaskiya na'urar ta yi aiki. Minshari ya tafi, idon Na'Allah ya washe, ya koma fita fadama da asuba kamar saurayi. Ran da ƙwallo na huɗu ya fita, Hajjo ta kife masa gwangwanin a gabansa.

"Malam, sun ƙare. Gobe Sakkwato."

"In yi mi Sakkwato? Wanda yaw warke shina komawa asibiti?"

"Ba ta ce ka warke ba. Cewa tay yi ka komo."

"Yarinyar da ba ta kai ɗiyata Atika ba? In bar albasa tana son ruwa, in tai in zauna bisa benci tun safe, don ta ce mini sannu Baba? Ke dai kina son yawon birni."

Hajjo ta ɗauke gwangwaninta. Ta sa aka kira mata ɗan a waya, uban ya karɓe ya ce lafiyarsa lau, tsohuwa ce ke neman magana. Aka yi dariya aka kashe.

Ku dubi wannan hali. Mutumin da ba ya barin injinsa ya yi wata biyu bai sauya masa baƙin mai ba, shi ne yake ganin numfashinsa ba ya bukatar a duba.

To ga inda ɓarnar ta fito. A jikin takunkumin akwai wasu ƙananan huji, iska tana fita ta nan da ɗan huci. Tun farko abin yana cin Na'Allah a rai. A sanin da ya yi wa inji, duk inda ka ji huci, yoyo ne, yoyo kuwa asara ce. Wata ranar Talata bayan la'asar Hajjo ta fito daga madafa ta same shi a gindin dalbejiya, ga takunkumi a cinya, ga roba, ga sholisho.

"Malam, mi kaka yi?"

"Gyara. Sun sayar muna da abu mai huji. Rabin iskar waje taka tahiya."

"An ce kada a taɓa."

"Wa yac ce? Ni da nig gyara injin da ya hi wagga girma sau goma?"

Ya manne hujin tas. Ya kunna, ya kara kunne, babu huci. Ya dube ta yana murmushi kamar wanda ya ci kokawa.

Ba a yi kwana uku ba ya fara tashi da kai kamar an ɗora masa dutse. Ya ce rana ce. Gyangyaɗi ya dawo, ya ce gajiya ce. Wata rana barci ya kwashe shi a fadama yana riƙe da tiyo, ruwa ya cika fangali ya fasa ya kwantar da albasa. Ya ce ƙasar ce ba ta da ƙarfi. Hajjo ta tuna masa maganar likita, ta ce ga barcin rana, ga ciwon kai, biyu cikin ukun da aka lissafa. Ya ce in ta sake ambatar Sakkwato a gidan nan ranta zai ɓaci.

Ana haka 'yarsu Atika, da ke aure a Shagari, ta haifi ɗanta na uku. Ranar suna da hantsi aka faka a-kori-kura a ƙofar gida. Aka loda buhun gero, da manyan tukwane, da kayan jariri. Mata tara suka hau baya da yara biyar, kowa ya ci ado. Nana Hauwa, yayar Na'Allah, ita aka ba gaba saboda girma.

Hajjo ce ta ƙarshen fitowa. Ta zagayo ta gefen direba don ta ce masa an gama, sai ta tsaya. Inji yana aiki, mata suna shewa a baya, shi kuwa goshinsa na kan sitiyari, baki buɗe. Ta kira shi sau biyu. Sai a na uku ya zabura.

Ya ce, "Addu'a nika yi."

Hajjo ta san addu'a, ta kuma san barci. Ta san abin da zai biyo baya in ta yi magana a gaban mutane, don a garin nan mace ba ta kunyata mijinta a ƙofar gida ta kwana lafiya. Ta dubi bayan motar. Jikarta 'yar shekara huɗu tana zaune a kan buhu tana kaɗa ƙafa.

Ta miƙa hannu ta sauko da yarinyar da ƙarfi, har takalminta ɗaya ya zame ya faɗa tsakanin tukwane.

Ta ce, "Ku sauko. Duk wadda taz zauna cikin motag ga, ta bar wasiyya. Mutumin ga barci shikai."

Nana Hauwa ta leƙo ta taga.

"Hajjo, kanki ɗaya? Ranar sunan jikanki kika tona ma ƙanena asiri gaban jama'a?"

"Yaya, gara in tona asiri da a tona kabari."

Na'Allah ya fito daga mota. "Shekara ashirin ina bin hanyag ga, ko akuya ban taɓa bugewa ba. In kinka hana su hawa, kada ki komo mini gida."

"Na ji. In na kai su lahiya, sai in san inda za ni kwana."

Matan suka dubi juna. Wadda ta fara sauka mai goyo ce, sauran suka bi ta, wasu suna tsaki, wasu suna cewa tsufa ya fara taɓa Hajjo. Har akwai wadda ta ce ai kowa da ranarsa, in ajali bai zo ba ko makaho ya ja mota za a kai. Irin maganar da malalacin tunani ke fakewa da ita ke nan. Mai faɗar ta kuwa ba ta taɓa barin tukunya a wuta ta ce in rabo ne ba za ta ƙone ba.

Nana Hauwa ta ce ita ba ta sauka, jininta ne. Na'Allah ya ja mota a fusace, ya bar su da ƙura.

Matan suka hau babura zuwa bakin titi, suka sami bas mai zuwa Shagari. Duk hanyar babu wadda ta yi wa Hajjo magana. Ita ma ba ta nema ba. Tana rungume da jikarta mai takalmi ɗaya, tana roƙon Allah ya sa ita ce ta yi kuskure, a yi mata dariya har ƙarshen ranta.

Ba su kai Shagari ba direban bas ya rage gudu, ya ce, "Innalillahi."

A-kori-kurar Na'Allah ce ta sauka daga titi, ta juya, bayanta ya daki wata bishiya. Ƙarfen bayan ya lanƙwashe kamar gwangwanin madara. Buhun gero ya fashe, tukwanen sun baje, daidai inda yara biyar suka zauna ɗazu. Nana Hauwa tana zaune a ƙasa, goshi a fashe, ana ɗaure mata da ɗankwali. Na'Allah yana gefe ya tallafe hannunsa na dama, ya karye.

Yayar ce ta fara magana, ba wanda ya tambaye ta.

"Ina yi mai hira shina amsawa. Na waiwaya, ido rufe. Hajjo, ido rufe, ƙahwa bisa totur."

Matan da suka yi tsaki ɗazu suka kama salati suna rungumar 'ya'yansu. Hajjo ba ta ce wa kowa "ai na faɗa" ba. Ta taka zuwa bayan motar, ta tona cikin geron da ya zube, ta ciro ɗan takalmin jikarta. Ta zo ta ajiye wa mijinta a cinya, ta tafi neman wanda zai kai su asibiti.

Na'Allah ya daɗe yana kallon takalmin. Tsawonsa bai kai tafin hannunsa ba.

Bayan an ɗaure hannun, Hajjo ta sa ɗansu ya ɗauko na'urar daga gida, aka kai wa Likita Sumayya. Ta ɗaga takunkumin, ta ga baƙar roba manne a jiki.

"Wa ya yi wannan?"

Na'Allah ya sunkuyar da kai. "Huci taka yi."

"Baba, da gangan aka yi hujin. Iskar da ka fitar daga ƙirjinka ta nan take ficewa. Da ka toshe, abin da jikinka ya zubar shi kake sake shaƙa har gari ya waye. Ka gode wa Allah da kake farkawa ma." Ta ajiye takunkumin. "Da ka zo ranar da na ce, ka ce mini tana huci, da kafin ka gyara zama na ba ka amsa. Zuwan ke nan amfaninsa. Ba sannu nake tara ku in yi muku ba."

Aka ba shi sabon takunkumi, aka daidaita masa ƙarfin iskar. Ta ce ba shi ba tuƙi, ko hannun ya warke, sai ta duba ta yarda. Ta sa masa ranar dawowa.

Wannan karon bai leƙa gindin na'ura ba. Ya ce, "Likita, Juma'a nawa na?"

"Huɗu, Baba."

Da suka isa gida Hajjo ta tsaya a bakin zaure ba ta shiga ba, don ba ta manta abin da aka ce mata a wurin ba. Na'Allah ya shige ciki shi kaɗai. Can ya fito da gwangwanin a hammata, da dabino huɗu a hannun hagu.

Ya ce, "Ki ci ki ba ni ƙwallon. Da hannu guda ba ni iya ɓarewa."

Ta karɓa, ta shiga.

Darasi: Jin sauƙi daban, sallamar likita daban. In an ce ka dawo bayan wata, ka dawo bayan wata, in an ce bayan uku, ka dawo bayan uku, in kuwa ciwon ya sake ɗago kai, kada ka jira ranar da aka rubuta. Ƙwarewarka a sana'arka ba ta mai da kai likitan kanka ba. Mai barci a kan sitiyari kuwa ba ransa kaɗai ya ɗauko ba. Wanda duk ke da mai irin wannan minshari ko mai irin wannan taurin kai a gida, ya tura masa labarin nan, in ba ya karatu a karanta masa da ƙarfi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.