Ranar da Tambura Suka Yi Shiru

A zamanin da, an yi wani sarki, Zailani, wanda zama wuri ɗaya ya gagare shi tun da maƙwabtansa suka tare masa hanyar fatake. Ya shiga, ya fita, ya zare takobi, ya mayar. Daga ƙarshe ya ce gobe a fita yaƙi, ɗansa Barau ne zai ja gaba. Waziri Kailani ya yi ta ba da baki, amma ina, kamar ana zuga shi.

Al'adar ƙasar, kafin a fita sai an karanta waƙar yaƙin da mahaifin sarki ya rubuta. Da an kai baitin nasara sai tambura su ɗauka, fada ta kaure da kirari, mai karatu ya ci gaba shi kaɗai, bakinsa kawai ake gani yana motsi.

Ran nan aka taru, ba tambura. Waziri ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, an kai su gyaran fata."

Sarki ya fusata, ya fizge takardun. "Ni zan karanta da kaina!"

Ya ɗauko da ƙarfi, har ya kai baitin nasara. Ya dakata don sabo. Tsit. Sai ya ga ashe da sauran rubutu:

"Na juya gawa, na juya gawa,
ina neman ƙanena cikin ƙudaje.
Wani na kiran ruwa, wani na kiran inna,
ban san namu ba, ban san nasu ba."

Nan sarki ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi Barau, yana tsaye cikin sulke, ko gemu bai fito masa ba. Tsoro ya kama sarki, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya koma kan takarda, baiti ya ƙi fita.

"Waziri, wa ya ƙara wannan?"

"Allah ya ja zamaninka, hannun mahaifinka ne. Kowane yaƙi ana karanta shi a gabanka."

Sarki ya ajiye takardun. Sannan ya sa a tura manzanni da goro su nemi sulhu, ya kafa doka kada a ƙara buga tambari sai waƙa ta ƙare.

Da fada ta watse ya ce, "Kailani, tamburan nan fa?"

"Lafiyarsu lau, ranka ya daɗe."

Sarki kuwa yana can yana kwance wa ɗansa sulke da hannunsa.