Kamu Goma na Ganuwa

Akwai wani manomi da ke zaune a wani ƙaramin gari mai ganuwa. Al'adar garin kuwa, in an gama girbi, sai dagaci ya auna ganuwar da igiya, ya ba kowane gida kamu goma ya gyara inda ruwan damina ya cinye.

Shekara biyu a jere mahara suka ƙone wa manomin nan dawa tun tana gona, ta wansa kuwa, da ke maƙwabtaka da ita, ko zangarniya ɗaya ba su taɓa ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya riƙa cewa shi dai ba shi da sa'a, wurin ne bai karɓe shi ba. Sai ya nemi sabon fili can bayan dutse, ya shiga sassabe.

Da lokacin gyaran ganuwa ya yi, ya ga kwaɓa ƙasa da buga tubali za su cinye masa kwana ashirin. Sai ya kafa zana a giɓin da ke rabonsa, ya yaɓe ta da laka ciki da waje. Duk wanda ya hanga daga nesa sai ya ce gini ne.

Wansa, wanda gidansa ke daf da wurin, ya zo ya ƙwanƙwasa da sanda, ya ji ƙarar ba ta gini ba ce. Bai tona masa asiri ba. Ya dai roƙe shi su rushe su sake tare, ya ce shi zai ɗebo ruwan kwaɓi.

Manomin ya ce, "Yaya, kai mai sa'a ne, ko ƙofa ka bari a buɗe ba za su shigo maka ba. Ni kuwa ko da ƙarfe na gina, sai sun same ni."

Wan ya koma gida.

Wata rana da hantsi, yawancin maza suna daji, maharan suka zo. Suka bi ganuwar suna dukanta da gindin mashi har suka kai ga zanar, suka fasa ta suka shiga. Gidan da suka fara tararwa na wan ne. Ya fito ya tare su, suka kashe shi, suka kora shanunsa, suka tafi.

Da yamma manomin ya komo daga sassabe, ya tarar da gidansa lafiya, rumbunsa a cike. Wata tsohuwa cikin masu makoki ta dube shi ta ce, "Ɗana, yau kam ka yi sa'a."

Ya zauna a ƙasa.

Ma'anar wannan misali ita ce: ganuwar, jama'ar Allah ce. Kamu goman kuwa aikin da Ubangiji ya danƙa wa kowannenmu ne, ko renon 'ya'ya, ko riƙon gaskiya, ko addu'a domin 'yan'uwa. Ba mu san ranar da masifa za ta zo ba, ba kuwa za a tambaye mu wannan ba. Rabonmu kaɗai za a tambaye mu. Mutum yakan sha wahala har zuciyarsa ta karai, ya ce kome sa'a ce, ya yaɓe zana ya tafi, yana tsammani in an yi hasara tasa ce shi kaɗai. 'Yan'uwa, kafin ku ce haka, ku duba ku ga gidan wane ne ke bayan rabonku.