Mutum-mutumin Inna Marka

Ga ta nan, ga ta nanku, mai surutu ya kama bakinsa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata tsohuwa ce ana kiranta Inna Marka. Mijinta ya rasu, ya bar mata gonar gero guda ɗaya da jikanya ƙarama, Ladiyo. Geron nan shi ne abincinsu na shekara, in ya lalace ba su da wani. Marka kuwa mace ce mai zafin rai, ba ta ɗaukar raini ko na ƙwayar zarra.

Ana nan sai dagaci ya naɗa wani mutum, Cindo, mai unguwa. Shi Cindo wani macuci ya taɓa shara masa ƙarya ya raba shi da jakinsa. Tun daga ranar kansa ya toshe. Duk abin da ba zahiri ba, suna ɗaya ya san masa: ƙarya. Yana samun rawani sai ya kafa doka, ba ƙarya a unguwarsa.

Rannan Ladiyo tana ƙofar gida tana tuƙa tuwon ƙasa a cikin tsingaro, ta yi miyar ganye. Sai ga Cindo. Yarinya ta ce, "Baba, bismilla, ga tuwo."

Ya leƙa ya ce, "Ina tuwon?"

Ta ce, "Ga shi, har da man shanu."

Sai ya sa ƙafa ya shure tsingaron. Ya ce, "Ƙarya! Tun kina ƙarama?"

Marka ta ji kukan jikarta, ta fito da muciya a hannu. Ta ce, "Kai Cindo, ba ka da kunya? Ƙato da kai, da gemu, ka rasa abokin faɗa sai tuwon yara? Wannan wasa sunansa!"

Ya ce, "Ni ƙarya na sani." Ya wuce abinsa, ya bar ta tana huci.

Washegari Marka ta je itace. Sai ta hangi Jatau maharbi ya ɗaura kan burtu a goshi, wannan tsuntsun mai dogon baki, ya duƙa yana tafiya irin tasa don ya kusanci gada ba ta gudu ba. Saura ƙiris ya saki kibiya, sai Cindo ya faɗo daga bayan kalgo.

Ya ce, "Kai Jatau, mutum ne kai ko tsuntsu?"

Gada ta cika wandonta da iska. Jatau ya ce, "Haba mai unguwa! Mutum ne mana."

"To ƙarya kake!" Ya fizge kan burtun ya karya a gwiwa.

Marka ta yar da itacenta. Ta ce, "Amma kai dai an yi wofi! Ka hana bawan Allah naman da zai kai wa iyalinsa. Wannan dabara sunanta, tun kakanninmu ake yin ta!"

Ya ce, "Ni ƙarya na sani."

Ta koma gida tana tunanin gonarta, don in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. A tsakiyar gonarta akwai mutum-mutumi. Da hannunta ta ɗaura shi, ta sa masa tsohuwar rigar marigayi mijinta da malafarsa. Gero ya fitar da kai, saura kwana ashirin girbi, mutum-mutumin kaɗai ke hana tsuntsaye sauka.

Rana ta uku tana isa gona sai ta ga hayaƙi. Cindo ya tuge mutum-mutumin ya cinna masa wuta, rigar mijinta tana ci.

Idon Marka ya rufe. Ta ce, "Me ya yi maka? Ya zage ka? Ya ci na gidanku?"

Ya ce, "Ya tsaya kamar mutum, alhali kara ne. Ƙarya ke nan."

"Kwaikwayo sunansa, ɗan banza mai kan dutse!"

Ya ce, "Ni ƙarya na sani."

Kafin azahar tsuntsaye sun sauka kamar an yi musu gayya. Marka ta kora gabas su koma yamma, ta kora yamma su koma gabas. Ta yi ihu har muryarta ta dishe. Da yamma ta duba, gefen gonar guda kamar an yi masa sussuka. Ta zauna ta yi kukan baƙin ciki, sannan ta share hawaye ta ɗaure zane tamau, sai gidan dagaci.

Aka kirawo Cindo. Marka ta faɗi komai. Dagaci ya ce, "Cindo, yarinyar nan da ta ce maka ga tuwo, ka ɗauka tuwon gaske ne?"

Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe."

"Wa aka cuta ke nan?"

Cindo ya ce, "Ai su Jatau da tsohuwar nan sun yaudari gada da tsuntsaye."

Marka ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaye shi, mu aka ba shi ya shugabanta ko tsuntsaye?"

Fada ta kwashe da dariya, ban da Marka. Dagaci ya ce, "Inna, me kike so? A janye dokar?"

Ta ce, "Kada a janye. Ya ce ba ya son mutumin ƙarya a gonata. To a kafa mini na gaskiya. Ga shi nan tsaye."

Dagaci ya ce, "Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Sai aka kai Cindo tsakiyar gona, aka ce ya ware hannuwa daga hantsi har faɗuwar rana, kullum, sai an yi girbi. Marka ta zauna gindin gawo da sanda. Hannu ya sauka ta daka tsawa, "Ɗaga! Nawa bai taɓa gajiya ba!"

Ranar farko ya cije. Rana ta biyu kafaɗunsa suka sage. Rana ta uku leɓensa ya bushe, sai ga Ladiyo da sabon tsingaro. Ta ce, "Baba, ga tuwo."

Cindo ya dubi yarinya, ya dubi ƙasa. Zama yake so ko na ɗan lokaci. Sai ya durƙusa, ya kai hannu, ya yi kamar ya kai loma baki. Ya ce, "Kai, miyar nan ta yi daɗi."

Marka ta taso. "Me na ji? Mai unguwa da ƙarya?"

Ya ce, "Wasa ne, Inna."

"Na Jatau fa?"

"Dabara ce. Zan sassaƙa masa wani."

"Nawa da ka ƙone?"

Ya sunkuyar da kai. "Kwaikwayo ne. Don Allah ki bar ni in ɗaura miki sabo."

Ta ce, "Ashe bakinka yana da sauran kalmomi. Geron da aka cinye ba zai dawo ba, rigar mijina ma haka. Tuɓe taka, da rawanin."

Sai ya tuɓe babbar rigarsa, ya ɗaura wa kara, ya naɗa masa rawani da hannunsa. Ya koma gida daga shi sai wando. Mutum-mutumin ya tsare gonar har girbi, ba tsuntsun da ya sauka. Mutanen unguwa suka ce ba su taɓa yin mai unguwa mai amfani kamar wannan na kara ba.

Ƙurunƙus kan kusu. Ƙarya ita ce wadda aka shirya don a cuce ka, sauran kowanne da sunansa. Wannan da na ba ku tatsuniya ce. Wanda ya kira ta da wani suna, gonar Marka tana neman mai tsayuwa.