Naman Barewar da Ba a Kashe Ba

An yi wani hakimi a Gangaren Kuka da ya kafa doka cewa daga faɗuwar damina har kaka, lokacin da bareyi ke ɗauke da ciki, duk wanda ya kashe barewa za a ƙwace abin da yake cin abinci da shi. Maharba suka rataye bakunansu.

Ana tsakiyar damina ya yi manyan baƙi, sai ya sa aka kira Jatau maharbi.

"Gobe ina son naman barewa."

"Ranka ya daɗe, dokar fa?"

"Tana nan daram. Naman barewar da ba a kashe ba za ka kawo, kuma ban da mushe. In ka kasa, bakanka ya zama nawa."

"Irin wannan adalci sai gidan nan," in ji Jatau.

Washegari ya shigo janye da barewa mai ciki. Ya durƙusa, ya ajiye wuƙa gaban hakimi.

"Ga nama, ba a kashe ba, ba mushe ba. Saura yanka."

Hakimi ya dubi dogarinsa. Dogari ya ɓoye bulalarsa a baya, ya ƙura wa rufi ido.

"To, Jatau, yanka mana!"

"Ni da bakana nake cin abinci. Ranka ya daɗe kuwa…" Ya ɗaga ido ya dubi rawanin hakimi. "Bismillah, hannunka ya fi albarka."

Hakimi ya dafe rawaninsa.

"A sake ta! Baƙi su ci wake."

"Sai su hanzarta, ranka ya daɗe. Ita ma gonarka ta wake za ta nufa."