Shafin da Malama Ba Ta Buɗe Ba

Akwai wata mata mai ɗinki da ta koma makarantar manya tana da shekara hamsin da biyu. 'Yan ajinsu suna ce mata Anti Tela. Da safe tana kan keken ɗinki, ƙarfe huɗu na yamma tana benci na biyu da tabarau a kan hanci.

A gida kuwa tana da damuwar da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Autanta direban bas ne. Wata bakwai da suka wuce taya ta fashe masa, mota ta kife, abokinsa da ke zaune kusa da shi ya rasu. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Tun ranar ya shiga ɗaki ya murza makulli, ba ya fitowa sai ya ji ta bar gidan. Abinci a bakin ƙofa take ajiye masa. Idan maƙwabta suka tambaya, sai ta ce ya yi tafiya, don kada a ce ɗanta ya haukace.

Malamarsu ta adabi mace ce mai ilimi, kuma ta san tana da shi. Jan Biro suke kiran ta a bayan idonta. Takan ce, "Ni takarda sittin nake dubawa kafin shayina ya huce."

A zangon nan suna karanta wani tsohon littafin ban tsoro, labarin wani katafaren gida mai ɗaki ɗaya a rufe. Ana jin takun mutum a ciki, amma mutanen gidan kowa yana yin kamar bai ji ba.

Malama ta jera musu ire-iren rikicin labari a allo: mutum da mutum, mutum da kansa, mutum da al'umma, mutum da yanayi, mutum da abin da ido ba ya gani.

Wani tsohon maigadi ya ɗaga hannu daga baya. "Malama, kin manta ɗaya. Mutum da surukarsa."

Aji ya kwashe da dariya. Anti Tela ba ta yi ba. Tunda aka fara littafin take jin kamar leƙa gidanta aka yi.

Da aka ba su aikin gida a kan ire-iren rikicin nan biyar, ta zauna kan teburin yanka yadi. Ta kawo iri uku a shafin farko, daga nan biro ya ƙwace mata. Ta rubuta cewa kowa yana maganar wanda ke cikin ɗakin, amma ba wanda ya tambayi mai kai masa abinci yadda take kwana. A shafi na huɗu ta faɗi gaskiya duka, ta ƙare da cewa: "Malama, ke mai ilimi ce. Ɗana ne a cikin ɗakin. Don Allah me zan yi?"

Ta ninke wannan shafin gida biyu saboda kunya, ta miƙa.

Bayan mako guda Malama ta raba takardu.

"Anti Tela, na ce iri biyar, kin kawo mini uku, kin cika sauran da surutu. Nan ba shagon ɗinki ba ne da ake hira."

"Malama, kin karanta har ƙarshe?"

"Na ga abin da nake buƙatar gani."

Anti Tela ta duba. Shafi na huɗu yana nan a ninke yadda ta miƙa shi. Ta ajiye takardar a kan benci, ta ɗauki jakarta. Ba ta sake komawa ajin ba.

Mako shida suka wuce. Wata ranar Asabar da hantsi tana kafa hannun riga sai ta ji sallama. Malama ce tsaye, idanu jawur, takardar a hannunta.

"Anti, jiya ina kwashe durowata na gan ta. Sai jiya na buɗe." Ta miƙa mata takardar. "Ƙanena ma haka ya yi, shekara biyu a ɗaki. Ciwo ne, Anti, kuma ana maganinsa. Na san likitan da ya duba shi, yanzu ƙanen nawa har 'ya'yansa biyu. Tashi mu je mu yi masa magana ta bakin ƙofa."

Anti Tela ta cire tabarau a hankali.

"Tun yaushe kika san likitan?"

"Shekara shida ke nan."

Anti Tela ta gyaɗa kai. Ta miƙe ta ja Malama zuwa ƙarshen baranda. Ɗakin a buɗe yake. An gyara gado, an ninke bargo, takalmansa babu.

"Yau kwana tara. Na dawo daga kasuwa na tarar da ɗakin haka. Mun je tasha, mun je asibitoci, mun je wajen 'yan sanda. Ba wanda ya gan shi."

Malama ta durƙusa a wurin tana kuka. "Ki yafe mini, Anti."

"Na yafe miki, 'yata. Ni ma na ɓoye shi fiye da wata bakwai, laifina ya fi naki." Ta kalli gadon. "Amma ranar da na tambaye ki ko kin karanta har ƙarshe, yana nan ciki. Da mun kira shi, da ya ji mu."

Har yau ba a ji labarinsa ba.

Darasi: Idan mutum ya kawo maka magana, saurare shi har ƙarshe, domin sau da yawa abin da ya fi ci masa rai a ƙarshe yake ajiye shi. Kuma ciwon damuwa ba abin kunya ba ne, kada a ɓoye shi, a nemi likita da wuri. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai gidan da ake ajiye abinci a bakin ƙofa yau.