Randar da Lantana Ta Gina

Ku gyara zama. Wadda na zo muku da ita yau ba a raba ta da garaje, kuma kada wanda ya tsoma mini baki sai na dire.

A wani gari na magina tukwane, can gefen fadama, an yi wata mata ana ce mata Lantana. In ana maganar gini, a kanta ake tsayawa. Randar da ta gina, ko rana ta take tsaka ka ɗebi ruwanta ka sha, sai ka ji haƙoranka sun amsa. Ita da yayarta Tasalla komai tare suke yi: tare za su je ramin yumɓu, tare za su taka shi, ɗaya na ɗaga cikin tukunya ɗaya na gyara baki. Har mutane suka daina tambayar wace ce ta gina, sai dai su ce a ba su ta 'yan'uwan nan.

Wata shekara, ƙarshen damina, suka shiga ramin. Yumɓu mai kyau yana can ƙasa, sai an yi kogo an rarrafa kafin a kai gare shi. Suna ciki ƙasa ta zabtaro ta rufe su. Maza suka sheƙo da fartanya, wasu da hannu kawai, suka yi ta tono. Aka zaro Lantana da ranta. Tasalla kuwa kwana ya ƙare.

Ko ƙashi ɗaya bai karye a jikin Lantana ba. Maɗori ya lalluba bai ga komai ba, aka kai ta asibitin birni aka ɗauki hoto, aka ce lafiyarta lau. Amma hannunta na dama ya dunƙule ya ƙi buɗewa, ga wani ciwo da ke tasowa daga yatsu ya bi kafaɗa ya riƙe wuya. In aka rufe mata ƙofar ɗaki sai numfashi ya gagare ta. In hadari ya haɗu aka fara jin ƙamshin ƙasa, zuciyarta ta dinga dukan uku-uku ke nan, gumi na keto mata.

Mutanen garin suna son ta, kuma son ne ya sa suka yi abin da suka yi. Al'adarsu ba a kiran sunan mamaci a gaban wanda aka yi wa rashi. Da ta buɗe baki za ta ce Tasalla, sai a tare ta da a yi haƙuri, a bar wa Allah. Suka kwashe yumɓun gidan kaf, suka ɓoye kayan aikinta don kada ta gani ta tuna. Da zuciya ɗaya suka yi, ban musa ba. Amma ni a ganina sun tono ta daga rami ne suka sake rufe ta a tsakar gida.

Haka shekaru suka tura, har Hansatu, 'yar da Tasalla ta bari a hannun Lantana, ta isa aure ta kuma sami wanda take so. Aka sa biki bayan kaka. To, a garin nan amarya ba ta tarewa sai da randar da uwarta ta gina da hannunta, in uwar ba ta raye sai 'yar'uwar uwar. Wadda aka kai da randar saye, har ta tsufa ana yi mata kallon marar kowa. Hansatu ta ga innarta ta daina cin abinci saboda tunani, sai ta ce mata, "Inna, ki bar damuwa, ni ko a bokitin roba zan sha ruwa." Ta faɗa ne don ta sanyaya mata rai, amma maganar ta fi ciwon kafaɗar zafi. Lantana ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka, tana duban hannun nan da ya ƙi ta.

Mata uku ne suka taso don taimakonta. Ta farko ita ce Iya Tabawa, tsohuwar ungozoma mai tausa, wadda gwiwa ta riga ta ci ƙarfinta. Daga wancan ƙarshen gari take dogaro sandarta kowace safiya, tana tafe tana hutawa a gindin kowace bishiya. Ba ta taɓa hannun ba ma da farko. Ta ɗora tafinta a bayan Lantana, can ta ce, "'Yar nan, ai ke har yanzu numfashin cikin rami kike yi. Kina ja kaɗan kina ɓoyewa, kamar za a ƙwace miki." Ta koya mata ta ja iska har ciki ya taso, ta sake ta a hankali kamar mai hura kunun jariri. Ta gasa mata wuya da ruwan ɗumi, ta murza kafaɗar da man shanu, in Lantana ta ɗaure jiki sai ta dakata har jikin ya yarda da kansa. Ba ta taɓa yi mata dole ba. Sannu a hankali wuya ya saki, barci ya dawo, Lantana ta iya zama a ɗaki da ƙofa a rufe. Sai dai yatsun nan suna nan a dunƙule, kuma Iya Tabawa ta faɗi gaskiya, ta ce abin da ke riƙe da su ba a tsoka yake ba, hannunta ba ya kai wa can.

Ta biyu ita ce Malama Barira, wata ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa ɗakin shan magani na garin ranar kasuwa. A birni ta yi karatun irin ciwon da firgici ke bari a jikin mutum. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya, don haka mutanen garin suke mata dariya suna cewa likitar hira. Iya Tabawa ce ta kai mata Lantana. Malama ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta gaishe ta da ladabi, sannan ta yi tambayar da ba wanda ya yi a shekarun nan: "Inna, yayar taki ya sunanta?"

Matan da ke jiran awo suka ji, suka riƙe baki. Kafin la'asar magana ta kai gidan mai gari, cewa baƙuwa ta zo tana tono matattu. Aka kira ta aka yi mata faɗa, wasu suka hana matansu zuwa wurinta, har aka yi batun a nemi a canja ta. Ta ba da haƙuri a kan ɓacin ran da aka yi, amma ta ce muddin Lantana na son zuwa, tabarmarta a shimfiɗe take. Lantana kuwa ta ci gaba da zuwa, don tun ranar da ta furta sunan Tasalla da bakinta ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta.

Malama Barira ba ta ja ta da gudu ba. Sai ta ce ta ba da labarin ranar kaɗan, da zarar zuciya ta fara bugu su tsaya, Lantana ta dafa ƙafafunta a ƙasa, ta yi numfashin da Iya ta koya mata, ta faɗi abin da idonta ke gani a fili: ga akuya, ga dalbejiya, ga sama a buɗe. In jiki ya lafa su koma. Kullum a wuri ɗaya labarin ke yankewa, wurin da maza suka kamo ƙafafunta suna ja. A nan ne ta faɗi abin da ta daɗe tana ɓoyewa: a cikin duhun nan tana riƙe da hannun Tasalla, kuma da aka ja ta, ta fito ita kaɗai. Ita a ranta ta saki yayarta ne don ta tsira.

Malama ba ta ce mata ba laifinki ba ne, don ta san an sha faɗa wa masu irin wannan ciwo haka bai shiga ba. Cewa ta yi su tsaya a daidai wurin, Lantana ta saurari hannun, ta faɗi abin da yake ji. Lantana ta rufe ido ta daɗe. Sai ga hawaye. Ta ce tana jin babban yatsan Tasalla yana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, tana ƙara damƙewa, yayar tana ƙara turewa.

"Ashe ba ni na sake ta ba," in ji Lantana. "Ita ta cire hannuna."

Ta yi kukan da aka hana ta tun ranar jana'iza. Da ta sunkuya za ta share fuska, sai ta ga da hannun dama take sharewa, a buɗe, farata sun yi rami a tafin.

Kuna cewa an gama ko? Ai da saura. Hannu ya buɗe, ciwo ya yi sauƙi, amma da aka kawo mata curin yumɓu ta shaƙi ƙamshinsa, sai jiki ya ɗauki rawa, ta juya baya. Malama Barira ta ce wannan ba a tabarmarta zai ƙare ba, sai a wurin aiki, a kusa da wadda ta san yumɓu. Ga kaka ta ƙarato, an fara yankan gero.

Nan ta uku ta shigo, Dela, maginiyar da suka yi shekaru suna gasa da Lantana a kasuwa, mace mai kaifin baki wadda ba ta iya lallashi ba ko na sisin kwabo. Tun da Lantana ta kwanta, duk masu sayen randa wurinta suka koma, kuma ta san sarai in hannun nan ya dawo za su gudu su bar ta. Duk da haka ta kwaso yumɓunta ta zo ta zube a ƙofar gidan Lantana, wai inuwar nan ta fi tata. Ba ta ce mata taɓa ba. Ranar farko daga nesa Lantana ke leƙe. Da aka kwana biyu Dela ta ce ƙafarta na ciwo, ko za a taya ta taka yumɓu, ai ƙafa ba hannu ba ce. Lantana ta taka, tana numfashin Iya, tana duban sama.

Sai Dela ta shiga yin abin da ba maginiyar da za ta yarda ta yi a bainar jama'a. Ta dinga gina tukwane karkatattu da gangan, baki a malkwaɗe, ciki a shanye gefe guda, tana jera su a rana inda kowa zai gani. Mata masu wucewa suna dariya suna cewa Dela ta tsufa, hannu ya lalace, wasu har suka fasa sayen nata. Ta toshe kunne. Lantana na zaune tana kallo, abin yana ci mata rai, don maginiya ba ta iya ganin karkataccen baki ta yi shiru. Rannan Dela ta ɗaga wata randa ta murɗe mata baki kamar na mai shanyewar jiki, ta ce, "Kai, wannan ta yi kyau, ita za a kai wa Hansatu."

"Wannan abin za ki kai ɗakin 'yar Tasalla?" in ji Lantana. "Matsa can."

Ta fizge jiƙaƙƙen tsumman daga hannun Dela ta kama bakin randar tana zagayawa. Sai da ta daidaita shi tsaf sannan ta lura hannunta ya yi dumu-dumu da yumɓu har gwiwa, kuma zuciyarta na tafiya daidai. Dela ta kau da kai tana gyara ɗankwali, wai ƙura ce ta shigar mata ido.

Lantana ta rushe waccan, ta gina sabuwa tun daga gindi da hannunta. Aka toya ta fito ja jawur, in ka ƙwanƙwasa tana amsawa kamar ƙarfe. Ranar tarewa aka girke ta a ɗakin Hansatu aka cika ta da ruwa, amarya ta rungume innarta, su biyun suna kiran sunan Tasalla a gaban kowa, ba wanda ya ce su yi shiru.

To, a garin, moɗar farko daga randar amarya ba amarya ke sha ba, ba ango ba. Wadda ta gina ita ke ɗiba ta miƙa wa mutumin da ya fi kowa yi mata rana a aikin, kuma moɗa ɗaya ce, ba a raba ta, ba a zagayawa da ita. Ga Iya Tabawa zaune ta miƙe gwiwoyinta, wadda ba don numfashin da ta koyar ba, da Lantana ba ta iya zama ta ba da labarin ba balle ta kusanci yumɓu. Ga Malama Barira, wadda ta sha zagin gari ta kai ta har wurin da hannun ya ƙulle, ba don ita ba da har yau yana dunƙule. Ga Dela a bakin ƙofa tana harare-harare, wadda ta zubar da sunanta da kasuwarta, ba don ita ba da buɗaɗɗen hannun bai gina komai ba, da Hansatu ta tare da randar saye.

Lantana ta tsoma moɗa ta cika, ta miƙe da ita a hannun dama, ko ɗigo bai zuba ba. Ta dubi wannan, ta dubi waccan.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, in ku ne Lantana, wace ce a cikin ukun nan za ku miƙa wa ruwan?