Hatimin Waya

"To yaya mutum zai kawo takardar da ba takarda ba?" Direbanmu ne na ji yana tambayar maigidana a kan iyaka. Kwananmu biyu a wurin, albasarmu har ta fara wari.

Jami'in wurin ne ya kafe. "An soke takardar hannu. Taku ta waya kuma ba hatimi, ba na karɓa."

Na ja mayafi na yi wa maigidana raɗa. Ya harare ni, amma ya koma wurin jami'in.

"Yallaɓai, wa ya ce an soke ta hannun?"

"Ga umarnin nan daga sama!" Ya miƙo wayarsa.

"Ina hatiminsa?"

"Ka taɓa ganin hatimi a waya, baƙauye?"

"To madalla. In na waya yana aiki ba hatimi, ga tamu. In ba ya aiki, ba a soke komai ba ke nan, ga ta hannu da hatiminta. Wacce za mu bayar?"

Jami'in ya ɗaga ƙarfen da ya tare hanya da kansa.

Yanzu a kasuwa maigidana ake kira Lauya. Na bar masa, ba wanda zai ji daga bakina.